FILIN GARKA: Mu tsare fangali, mu bar mussa da ranta

 

Hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya fara busawa, lokacin garka ya yi. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta ja hankalin jama'a ga noman rani, garka ta zama rumbu na biyu a gidaje da yawa. Wasu tasu babba ce, a fadama ko bakin gulbi. Wasu kuwa ƴar ƙarama ce a cikin gida, bayan ɗaki. A nan uwargida ke shuka salati da yakuwa da tonka da na'ana'a. A nan take dasa lalle da ɗoɗɗoya da ƴan furanni, don ƙamshi da kyan gani. Wannan garka ta cikin gida ita ce maganarmu ta wannan wata.

Akwai kuka guda da ɗalibai ke yawan kawowa a santarmu ta yaƙi da jahilci, mata sun fi kawo shi. Sun ce an gyara fangali, an zuba iri, an ba shi ruwa. Da safe sai a tarar an tone shi, iri ya watse, ga wari yana tashi. Mai laifin kuwa an san ta: mussar maƙwabta ce, wadda wasu ke ce ma kyanwa, wasu mage. Tambayarsu ita ce: a sa mata guba, ko a ɗana mata tarko?

Amsata ita ce a'a. Kada a yi ko ɗaya. Ku biyo ni ku ji dalili, ku kuma ji abin da ya fi.

ME KE KAWO TA?

Mussa ba ta cin salati, ba ta cin fure. Nama take ci. Abin da ke kawo ta fangali shi ne ƙasa. Halinta ne in za ta yi kashi ta nemi ƙasa mai laushi, busasshiya, ta tona rami, ta yi, ta rufe. Tsakar gida ta daddale, ta yi tauri. Hanya ma haka. Sai ga mu mun kafta wuri guda, mun farfasa hoge, mun tsince duwatsu, mun baje shi sumul. A wurinmu fangali ne. A wurinta kuwa makewayi aka gina mata. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Abu na biyu shi ne wari. Hancin mussa ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Inda ta yi sau ɗaya, warin zai sake kiran ta gobe. Muzuru kuma da fitsari yake shata iyakarsa. In wani muzurun ya ji, shi ma sai ya zo ya yi nasa a kai. Fitsarin nan yana da ƙarfi, yana ƙone tsiro ƙarami.

Abu na uku, sanyin wuri da rana, da laushin ciyawar da muke rufe iri da ita. Kwanciya guda ta isa ta karya tsiro ashirin.

Darni ba ya hana ta. Darni na akuya ne da jaki. Mussa tana tsallake abin da ya kai metir ɗaya da rabi, tana kuma kutsawa ta ƙaramar kafa. Da almuru da asuba ta fi yawo, lokacin da mai garka ba ya tsaye.

KASHIN MUSSA BA TAKI BA NE

Wani zai ce: to, ai kashi taki ne, mene ne abin damuwa? Ku saurara da kyau, don nan ne maganar ta fi nauyi. Kashin saniya da na tunkiya taki ne, don ciyawa suke ci. Kashin mussa da na kare ba a sa su a garka, don suna ɗauke da cuta.

Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci na ce mata tokzoplasma. A 1908 aka gano ta a birnin Tunis. Likitoci biyu Faransawa, Sharl Nikol da Luwi Manso, suka same ta a jikin wata ƴar dabbar duwatsu mai kama da kusu. Sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin mussa take yin ƙwai. Mussa na ɗaukar ta in ta ci kusu ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai cutar. Daga nan sai ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwan cikin kashinta, miliyoyi. Ƙwan ba ya kama mutum a ranar da ya fito. Sai ya kwana 1 zuwa 5 a ƙasa sannan ya nuna. In ya nuna kuwa, yana iya wuce shekara da ransa a ƙasa mai danshi. Ƙasa mai danshi, ai ita ce fangali.

Mutum mai ƙarfi in ya kamu, sau da yawa ba ya ko sani. Amma mace mai ciki, in ta kamu karon farko tana da cikin, cutar na iya kaiwa ga abin da ke cikinta. Tana iya kawo ɓari, ko a haifi yaro da ciwon ido ko na ƙwaƙwalwa.

Makiyaya, wannan ta shafe ku. Cutar nan tana cikin manyan abubuwan da ke sa tumaki da awaki ɓari. Tunkiya mai ciki na ɗaukar ta a dusa ko harawa ko ruwan da kashin mussa ya taɓa. Mussa kuwa tana son tsibin dusa kamar yadda take son fangali. Saboda haka ku rufe dusa, ku ɗaga harawa sama.

Ban da wannan akwai tsutsotsi. Wata, ƙwanta na shiga cikin yaron da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki. Wata kuma ta fata take shiga, in an taka wurin ba takalmi. Za ka ga jan layi yana tafiya a karkace ƙarƙashin fatar ƙafa, yana ƙaiƙayi ƙwarai. In kun ga haka, ku kai yaro likita.

A faɗi gaskiya, ba mussa kaɗai ke kawo tokzoplasma ba. Naman da bai dahu sosai ba shi ma hanya ce babba. Amma ta garka tana hannunmu, muna iya toshe ta.

DON ME BA ZA A KASHE TA BA?

Na ɗaya, saboda rumbu. Tun farko hatsi ne ya haɗa mutum da mussa. Mutum ya tara hatsi, kusu ya biyo hatsi, mussa ta biyo kusu. A tsibirin Kuburus an tono wani kabari mai shekara kamar 9,500, aka sami mutum da mussa an binne su kusa da juna. Kun ga zaman ya daɗe. Kusu mace cikinta mako uku ne da ƴan kwanaki. Ba ta daɗewa take sake ɗaukar wani. Ɗiyanta ma kafin wata uku sun fara haihuwa. Mussa ba ta ƙare kusa duka, ba ta kuma iya gafiya. Amma gidan da take kwana, kusu ba ya sakin jiki. Wanda ya kashe mussa don fangali guda, ya buɗe ma kusu rumbu, ya gudu gara ya faɗa zago.

Na biyu, guba ba ta san mussa ba. Wanda ya fara kai baki shi take kashewa. A wani ƙauye da na yi aiki, wani mutum ya barbaɗa maganin ƙwarin auduga a kan kifi ya ajiye bakin darni. Mussar da ya nufa ba ta ko shinshina ba. Kajinsa ne suka tsattsage kifin, da safe aka kwashe gawa. Karen maƙwabci ya ci mushen kaza guda, shi ma ya bi su. Sai da maganar ta kai gaban mai gari. Allah ya kiyaye, ba yaro mai rarrafe ne ya riga kajin ba. Ƙaiƙayi dai ya koma kan masheƙiya.

Na uku, wuri ba ya zama ba mai shi. In ka kawar da mussa guda, wata za ta gaje wurin, sau da yawa ƙarama. Ƙananan kuwa su suka fi zubar da ƙwan cutar da muka ambata. Babbar da ta riga ta yi ta gama ba ta cika sakewa ba. Tsohuwar mussar unguwa ta fi baƙuwa sauƙi.

Na huɗu, mussar tana da mai ita. Salati kwana arba'in ne ya yi, a ci, a manta. Gaba da maƙwabci kuwa tana iya kai ga jikoki.

ABIN DA ZA A YI

Dabarar guda ce: a sa fangali ya ƙi tonuwa, ya ƙi kwantuwa. In mussa ta zo sau biyu sau uku ba ta sami yadda take so ba, za ta canza wuri da kanta.

1. A fara da share wari. A ɗebe kashin da felu ko sakaina, a haɗa da ƙasar da ke kewaye da shi. A binne a rami mai zurfin kamu guda, nesa da rijiya, nesa da garka. In wurin babu tsiro, a kwarara masa tafasasshen ruwa. Kada a bari kashi ya kwana biyu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, mai gida ko wani babba ya yi. In an gama a wanke hannu da sabulu.

2. Ƙaya. Wannan ita ce uwar magani, kuma kyauta ce. A samo ƙananan rassan magarya, ko ƙayar da aka fitar wajen sassabe. A shimfiɗa su a kan fangali ranar da aka zuba iri, a kan ciyawar rufi. Kada a cika su har su hana rana. Ruwa na ratsa su, tsiro na fitowa ta tsakaninsu. Tafin mussa yana da taushi, ba ta taka ƙaya sau biyu. Amma kada kowa ya sare itace don wannan. Gawo da wasu itatuwa doka ta kare su. Wanda zai yi sara da yawa ya fara tambayar ma'aikacin gandun daji. Ƙaya ta tsaya cikin fangali, ban da hanyar da yara ke bi. In an gama da ita a tattara a ƙone.

3. Tsinken kara. Inda tsiro ya riga ya fito, ko gindin fure, a yanka karan hatsi guntu-guntu, tsawon taƙi guda. A kafa su a tsaye, tsakanin kowane biyu santimetir 10, wato faɗin hannu. Mussa na bukatar fili ta juya, ta tsuguna, ta tona. In ba fili sai ta wuce. A riƙa duba karan saboda gara. Wanda ta fara ci a cire a sa sabo.

4. Tsakuwa da tsingaro. Wannan ya fi dacewa da lalle da furanni da ƴan itatuwan da za su daɗe a wurin. A jera manyan tsakuwa ko fasassun tukwane a gindinsu, a rufe ƙasar duka. Ban da yashi, ban da ƙananan tsakuwa, don su ne ma take so. Riba biyu ke nan: mussa ba ta tonawa, ruwa kuma ba ya saurin bushewa. Furen da ke cikin tukunya ko gwangwani ma haka za a yi masa.

5. Raga. Mai hali ya sayi ragar waya irin ta akurkin kaji, ya shimfiɗa a kan fangali, ya danne gefe da duwatsu. Tsohuwar ragar kamun kifi ma ta yi. Haka gidan sauron da ya yayyage, ba ya gyaruwa. A lanƙwasa tsumagu a yi baka, a yafa shi a kai, a binne bakinsa. Yana hana mussa, yana hana kaji da tsuntsaye da fara. Gidan sauro mai lafiya kuwa na kwanan yara ne, kada a kai shi garka.

6. Ruwan marece. Mussa ba ta son jiƙa ƙafa, ba ta tona laka. In za a raba ban ruwa, a bar na biyu sai rana ta yi sanyi, don ta tarar da ƙasa a jiƙe. In an gan ta a fangali a watsa mata ruwa da ƙwarya. Ba ya yi mata rauni, amma tana riƙe shi a rai. Ban da jifa, ban da sanda.

7. Gyaran darni. A toshe kafofin ƙasa. A ɗaura ƙaya a bisa, ta karkato waje. A duba reshe ko katanga ko tulin itacen da take bi ta diro.

Wahalar ba ta dukan rani ba ce. Kwanakin farko su ne masu haɗari. Tumatir da shu kamar kwana 30 suke yi a wurin reno kafin dashe, albasa kamar kwana 45. In an dasa, a sake tsarewa har ganye ya rufe ƙasa. Daga nan mussa ba ta da inda za ta tona.

MAGANIN WARI FA?

Ana cewa a zuba ɓawon lemu, don mussa ba ta son ƙamshinsa. Gaskiya ne da yawansu ba su so. Amma kwana biyu ko uku rana ta busar da shi, ƙamshin ya tafi. Wata mussar ma ba ta damu da shi ba. Ku ɗauke shi ƙari, kada ku dogara da shi.

Akwai abubuwan da ba a sawa sam. Garin tonka yana shiga idon dabba, yana kuma shiga idon yaro in iska ta taso. Kafur ɗin da ake sawa cikin tufafi guba ne ga mussa da yara, yaro na iya ɗaukar sa alawa. Kananzir da baƙin man mota suna kashe ƙasa.

Masu son fure, ku lura da kariya. Furenta kyakkyawa ne, ba ta son ruwa da yawa, amma ruwan jikinta dafi ne ga mutum da dabba. A dasa ta inda yara da awaki ba su kai.

A BA TA NATA WURI

Wanda ka hana ƙofa, ka nuna masa wata. A can ƙuryar gida, nesa da rijiya da madafa da wurin wasan yara, a tona ɗan wuri kamu biyu. A zuba busasshen yashi, a kewaye shi da ƴar zana don yara da kaji. Mussa za ta fi son sa bisa fangalin da ya cika da ƙaya. Kowace safiya a ɗebe abin da ta yi a binne. Kun tuna ƙwan cuta sai ya kwana sannan yake nuna. Mai ɗebewa kullum ya riga shi ke nan.

A kuma rage abin da ke kiran mussoshin unguwa. Ƙashin kifi da sauran tuwo kada a zubar kusa da garka. Ƴan tsaki da tattabaru a rufe su da dare.

Duk da haka, ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi ɗaya-ɗaya da ruwa mai tsabta, a sake ɗauraye shi. Ruwan jabel yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya kashe wannan ƙwai. Wankewa ke fitar da shi, dahuwa ke kashe shi.

MAGANA DA MAƘWABCI

In mussar ta maƙwabci ce, je ka same shi da marece, bayan an ci tuwo. Kada ka aiki yaro, kada ka ɗaga murya ta bisa darni. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka ce: “Malam, mussarka tana yi mana aiki, kusa sun ragu a unguwa. Sai dai ta mai da fangalin uwargida makewayi. Ko za ka zuba mata yashi a gidanka, ni kuma in sa ƙaya a nawa?” Da wuya mai hankali ya ƙi wannan. Mata ma haka: “Yaya, don Allah a taimake ni” ta fi “ku kama mussarku” saurin biyan bukata.

In mussoshi sun yi yawa a unguwa, abin ya wuce gida biyu. Cikin mussa wata biyu ne da ƴan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. A kai maganar ga mai unguwa, a nemi shawarar likitan dabbobi. Ana yi ma muzuru fiɗiya kamar yadda ake yi ma bunsuru, amma aikin likita ne. Muzurun da aka yi ma yana rage yawo da faɗa da fitsarin iyaka.

Gargaɗi na ƙarshe: kada a kama baƙuwar mussa da hannu, kada a rutsa ta a ɗaki. Mussa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ranar nan, kada a jira gobe.

LISSAFIN WANNAN WATA

Ga aiki ga ɗaliban santar. Wata mata tana da fangali mai tsawon metir 3, faɗin metir 1. Za ta kafa tsinken kara layi 10. Kowane layi yana cin tsinke 30. Tsinke nawa take bukata? In kara guda yana ba da tsinke 6, kara nawa za ta yanka? Ku yi a allo, ku nuna ma malaminku. Amsa tana fitowa a jarida ta gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tanadi ƙaya da kara tun kafin ku zuba iri. Wanda ya karanta ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Wanda kuma yake da wata dabara da ya gwada ta yi, ya rubuto mana da hannunsa, za mu buga. Wata mai zuwa za mu yi magana a kan kaji da ɓarnar da suke yi a wurin renon albasa.

Allah ya ba mu rani mai albarka. Ku huta lafiya.

Naku, malamin yaƙi da jahilci.